WAI GURGUZU NE YA KASSARA BENEZUWELA?

Jama'a, da zarar an ambaci Benezuwela a wurin hira, sai ka ji wani ya yi caraf ya ce, "Ai ga abin da gurguzu ke haifarwa nan." Wani kuma ya ce a'a, makircin Amurka ne kawai. To ni a ganina kowannensu ya ɗauki rabin gaskiya ya bar rabi a ƙasa. Bari mu bi maganar daki-daki.

Mu fara da laifin masu gurguzun, don in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hugo Chavez ya hau mulki a 1999. Bayan yajin aikin 2002 zuwa 2003, ya kori ma'aikata wajen 18,000 daga kamfanin mai na ƙasar, PDVSA, cikinsu har da ƙwararrun injiniyoyi. A 2003 gwamnatinsa ta ƙayyade farashin kayan masarufi da na dala, daga baya ta shiga ƙwace gonaki da masana'antu. To, ya kai mai karatu, in aka tilasta wa manomi ya sayar da masara ƙasa da abin da ya kashe, baɗi zai koma gona? Haka kantuna suka bushe. Dalar gwamnati mai araha kuwa, masu uwa a gindin murhu suka riƙa karɓa suna kaiwa kasuwar bayan fage. Da kuɗi suka yanke a zamanin Maduro, sai aka koma buga takardun kuɗi ba ji ba gani, har babban bankin ƙasar da kansa ya ce hauhawar farashi ta kai kimanin kashi 130,000 cikin ɗari a 2018. Wannan duk aikin hannunsu ne, ba mai wanke su.

Masu ɗora komai a kan Amurka su tuna cewa takunkumin kuɗi ya zo ne a 2017, na mai a 2019, alhali tun kafin nan mutane na bin dogon layi don neman garin masara da sabulu. Takunkumin ya ƙara wa ciwon gishiri, amma ya tarar da majinyaci a kwance.

Sai dai fa, ba a nan kaɗai gizo ke saƙar ba. Ciwon ya girmi Chavez. A watan Fabrairu na 1989, gwamnatin Carlos Andres Perez ta ƙara kuɗin mai bisa tsarin IMF, Karakas ta ɓarke da tarzoma, aka kashe ɗaruruwan mutane. A lokacin ina gurguzu? Ƙasa ce mai rumbu ɗaya tal: a 2014, sama da kashi 90 cikin ɗari na kuɗin da ta samu daga waje na mai ne. Da gangar mai ta faɗo daga sama da dala 100 a 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016, sai aka buɗe rumbun aka tarar ba komai, ga bashi har wuya. An ci an sha lokacin kaka, ba a yi tanadin bazara ba.

Shi ya sa nake ganin mai cewa "gurguzu ne" ya yi shiru ya cuci mai sauraronsa, don ya sa shi ya saki jiki. Mu a Nijeriya ba mu taɓa bin gurguzu ba, amma faɗuwar man nan ita ta jefa tattalin arzikinmu cikin karaya a 2016, kuma mun san dala mai farashi biyu sarai. Dogaro da abu ɗaya, ba wa ɗan gida aikin ƙwararre, da hukumar da ba mai iya ce mata ta yi kuskure, waɗannan suna kayar da ƙasa ko wace riga ta sa. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah Ya ba mu shugabanni masu hangen nesa, amin.