Masu Masaukin Agege Sun Cancanci Jinjina

Duk magidancin da ya kwashi iyalinsa daga unguwar Badarawa ta Kaduna zuwa Legas yawon buɗe ido ya san kuɗin otal kaɗai kan iya cinye guzurin tafiyar. Abin da ke rufa wa da yawa asiri shi ne 'yan uwa Hausawa mazauna Agege, Idi-Araba da Obalende, waɗanda suka daɗe suna sauke baƙi daga Arewa.

Hidimarsu ba ƙarama ba ce. Maigida zai bar sana'arsa ya tarbi baƙi a tasha, uwargida ta girka tuwo, yaran gida su takura a ɗaki ɗaya don baƙi su sake, a garin da kuɗin haya ke sa mutum gumi. Washegari mai masaukin ne ɗan jagora. Shi ya san lokacin da cunkoso ke lafawa a gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, shi zai yi ciniki da direban danfo da Yarbanci, kuma shi zai ja kunnen yaran da iyakarsu kogin Kaduna kada igiyar teku ta ruɗe su.

Wasu kan kai baƙi gandun Lekki, inda ake taka gadar igiya mai tsawon mita 401 ta saman itatuwa, ko gidan tarihin Onikan da aka buɗe a 1957. In baƙo ya miƙa kuɗin mota, sau da yawa sai ya haɗa da rantsuwa kafin a karɓa.