SUNA LINZAMI NE, AMMA WA YA RIƘE SHI?

Jama'a, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karon wata gardama ce da na tarar a tashar mota. Mutum biyu sun kusa ba hammata iska, ɗaya na cewa Isa, ɗayan na cewa Yesu, kowa na rantsuwa nasa ne na asali. Ni kuwa na yi shiru ina jinsu, don na san sunan nan ya sha doguwar tafiya kafin ya iso bakin Bahaushe.

Ga yadda abin yake. A Ibrananci sunan Yeshuwa ne, gajeren Yehoshuwa, ma'anarsa Ubangiji ne mai ceto. To, tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu aka soma juya littattafan Yahudawa zuwa Girkanci a Iskandariya ta Masar. Bagirke ba shi da sautin "sh" a bakinsa, kuma ya saba rufe sunan namiji da "s". Nan Yeshuwa ya koma Iyesus. Daga nan aka sami Yesu. Isa kuwa ta hanyar Larabcin Alƙur'ani ya zo mana. Har wa yau, Joshuwa magajin Musa da Yesu suna ɗaya gare su a Girkanci, amma wa zai gane haka a Hausa?

Wannan shi ne ƙorafina da aikin masu fassara. Sun kawo mana sautin suna, ma'anar kuwa ta zube a hanya. Bayahuden da can ba ya raɗa suna haka kawai. Ishaku daga dariya aka samo shi, Isma'ilu kuwa Allah ya ji. Mu ma ai haka muke. Kowa ya ji Tanko ya san mata ya biyo, Gambo ya biyo tagwaye, Ɗanjuma ranar Juma'a ya faɗo. Ka ɗauka wani baƙo ya rubuta shi "Danjumas", shekaru ɗari biyar suka wuce. Ina Juma'ar ta tafi?

Dubi Bitrus. Sunansa Saminu, aka yi masa laƙabi da Kefa, wato dutse a harshen Aramiya. Girkawa suka fassara shi Petros, dutsen dai. Larabawa ba su da harafin farkon nan, suka ce Butrus, mu kuma muka ce Bitrus. Yanzu mai karatu zai iske ana maganar gini a kan dutse, alhali bai ji dutse a cikin sunan ba. Haka "bar" da ke gaban Bartimawas, ba komai ba ne illa "ɗan", kamar yadda muke cewa Ɗan wane.

Amma fa kada in zama mai ganin baƙi kawai. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, an yi dabara da aka bar mana Ibrahim, Musa da Dauda yadda muka san su. Kuma inda Bature ya raba suna ɗaya gida biyu, ya ce Jacob ya ce James, Hausa ta ce Yakubu duka. A nan mun fi shi gaskiya.

Ba ina cewa a koma kiran mutum Malam Dutse ko Malam Dariya ba, a'a. Sunan da baki ya saba da shi a bar shi. Roƙona dai, duk inda ma'anar suna take ɗauke da labarin, a sa ɗan bayani a ƙasan shafi, layi ɗaya ya isa. Mai wa'azi da malamin aji su ma su riƙa faɗa.

Da mutanen tashar nan sun san wannan tarihi, da sun zauna sun sha shayinsu lafiya. Saɓanin da ke tsakanin addinan nan biyu yana nan, ba a harafi yake ba. Allah ya ƙara mana fahimta, amin.