Farfesa Lillian Gilbreth da Ilimin Injiniyancin Masana'antu: Sharhi

Gabatarwa

A shekarun da na yi ina aikin gwamnati, akwai ranar da ba na mantawa. Wasu jami'an sashen tsare-tsaren aiki suka zo ofishinmu, suka zauna suna ƙidaya teburan da fayil guda yake ratsawa kafin a sa masa hannu. Akawuna suka tsargu, domin a ganinsu ƙidayar share fagen kora ce. Sai bayan na yi ritaya na gane cewa wannan sana'a tana da tarihi da malamai, kuma tsoron akawunan nan ya girmi ofishinmu. Daga cikin malaman da suka gina ta a jami'a, na zaɓi in yi sharhi a kan Farfesa Lillian Gilbreth ta ƙasar Amurka.

Asalinta da Karatunta

An haife ta a garin Oakland na jihar Kalifoniya a shekarar 1878. Adabin Ingilishi ta fara karantawa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ta gama a 1900. A 1904 ta auri Frank Gilbreth, wani ɗan kwangila da ya soma da aikin birkila. Shi ne ya lura cewa birkila yana yin motsi 18 kafin ya aza bulo ɗaya, ya rage su zuwa kusan 5 ta hanyar ɗaga bulo da kwaɓin siminti zuwa daidai hannun mai gini. Su biyun suka riƙa ɗaukar ma'aikata a fim tare da agogo a gefe, suna karkasa aiki zuwa ƙananan motsi kamar nema, kamawa, ɗauka da saki.

A lokacin, sunan Frederick Taylor ne ya cika fage. Shi agogon ƙidayar daƙiƙa ya dogara da shi, kuma a kamfanin ƙarfe na Bethlehem ya ba da labarin yadda ya ɗaga aikin lebura daga tan 12 da rabi zuwa tan 47 a rana, alhali ladansa daga dala 1.15 zuwa 1.85 kawai ya tashi. Ma'aikata ba su yarda ba. A 1911 aka yi yajin aiki a masana'antar makamai ta Watertown, har majalisar dokokin Amurka ta binciki tsarin.

Gudummawarta

A nan ne nake ganin darajar wannan baiwar Allah ta fito. A 1914 ta wallafa littafinta The Psychology of Management, wanda ya tattauna halayyar ɗan Adam a wurin aiki, kuma haruffan L. M. aka sa a gaban sunanta don kada masu saye su gane mace ce. A 1915 ta sami digirin digirgir a Jami'ar Brown. Hujjarta ita ce ma'aikaci yana gajiya, yana jin tsoro, yana son a san da shi, saboda haka injiniyan da ya san inji bai san mutum ba, rabin sana'ar ya koya. Daga 1913 ita da mijinta suka riƙa shirya kwas na bazara a garin Providence domin malaman jami'a, waɗanda suka koma suka shigar da darussan cikin manhajojinsu. Ba ita ta kafa sashen farko na wannan fanni ba, Hugo Diemer ne ya yi haka a Kwalejin Jihar Pennsylvania a 1909. Abin da ta ƙara shi ne nazarin mutum da gajiyarsa.

Frank ya rasu a 1924, ya bar ta da 'ya'ya 11. Kamfanoni da dama suka janye kwangilolinsu domin ba su aminta da mace a masana'anta ba. Sai ta buɗe aji a gidanta tana horar da manajoji, ta kuma juya ga manyan kantuna da ɗakin girki da ayyukan naƙasassu. A 1935 Jami'ar Purdue ta jihar Indiyana ta naɗa ta farfesa, ta koyar har 1948. A 1965 ta zama mace ta farko da aka zaɓa cikin Cibiyar Injiniyoyi ta Ƙasa a Amurka. Ta rasu a 1972.

Inda Aikin Ya Gaza

Yabon gwani ya zama dole, amma akwai wurare uku da ban gamsu ba. Na farko, ta yi imani cewa lokacin da aka tsimi zai koma ga ma'aikaci a matsayin hutu da jin daɗi. Sai dai ba ta bar wata hanya da za ta tilasta wa mai masana'anta yin hakan ba. Idan mutum uku suka iya aikin mutum biyar, mai kuɗi ne yake yanke hukunci a kan sauran biyun, kuma wannan shi ne abin da akawunanmu suka hango.

Na biyu, ita da mijinta sun dage cewa kowane aiki yana da hanya ɗaya tak mafi kyau. Duk wanda ya zauna da maƙeri ko masaƙi ya san gwanaye biyu sukan bi hanya daban su fitar da aiki mai kyau. Idan aka kwashe sanin aiki daga hannun mai yin sa aka mayar kan takardar injiniya, ƙwararre ya koma mai bin umurni.

Na uku, aikinta a kan ɗakin girki, kamar tsarin da ta nuna a 1929, ya rage wa mata zirga-zirga, amma bai tambayi dalilin da ya sa nauyin ya rataya a kansu kaɗai ba, ga shi ita kanta masu aiki ne suke yi mata girki.

Kammalawa

Duk da haka, hukuncina shi ne alherin aikinta ya rinjayi gazawarsa, domin ta sa jin daɗin ma'aikaci ya zama darasin da ake koyarwa ana jarrabawa a kansa. Ga malamanmu na makaranta, abin ɗauka a fili yake. Idan za a gyara tsarin aiki, ko a aji ko a ofis, a fara da tambayar mai yin aikin, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sannan a faɗa tun farko wanda zai ci moriyar lokacin da aka tsima. Da jami'an nan sun yi haka ranar da suka zo ofishinmu, da akawuna sun taya su ƙidayar da hannunsu.