Dabarun Wasa da Adon Harshe a "Death and the King's Horseman" na Wole Soyinka

Gabatarwa

An buga wannan wasa a 1975, aka fara nuna shi a Jami'ar Ife a 1976. Tushensa wani al'amari ne da ya auku a Oyo a 1946, sa'ad da jami'in mulkin mallaka ya hana Elesin, wato barden Alafin, bin ubangidansa lahira kamar yadda al'ada ta tanada. Sau da yawa ɗalibai kan taƙaita jigon wasan da cewa karo ne tsakanin al'adar Yarbawa da ta Turawa, alhali marubucin da kansa ya yi kashedi a kan wannan fahimta. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa dabarun da aka gina wasan da su sun ɗora nauyin laifin a wuyan Elesin tun kafin Bature ya sa baki.

Zubi da Tsari

Wasan fitowa biyar ne, ana kai da komowa tsakanin kasuwa da wuraren Turawa. A kasuwa ana jin ganga da kirari, a gidan Di'o Pilkings kuwa garmaho ke tashi, shi da matarsa Jane suna rawa sanye da tufafin dodannin egungun da aka ƙwace. Marubuci bai sa kowa ya yi dogon bayani ba. Jeranta fitowar biyu ya isa mai kallo ya ga yadda abin tsoron wasu ya zama kayan nishaɗin wasu. Saje Amusa, duk da kasancewarsa Musulmi, ya ƙi yin magana da Di'o muddin yana cikin waɗannan tufafi.

Haka kuma Soyinka ya ɗauke labarin daga 1946 ya mai da shi cikin Yaƙin Duniya na Biyu. Wannan ya ba Olunde, ɗan Elesin da ya dawo daga karatun likita a Ingila, damar tambayar Jane dalilin da zai sa masu hallaka dubban samarinsu a fagen fama su kira mutuwar mutum guda dabbanci.

Sarrafa Harshe

Maroƙin Elesin yana aiki iri biyu, kamar yadda muka san maroƙan fada: yana kambamawa, yana kuma tunatarwa. Shi kuwa Elesin bakinsa cike yake da karin magana da kirarin kai, har ya kawo labarin wani tsuntsu da ke zaga gari da saƙon mutuwa kowa yana zillewa, sai shi kaɗai ya karɓe shi hannu biyu. Amma a cikin wannan fitowar ce idonsa ya faɗa kan budurwar da aka yi wa baiko da ɗan Iyaloja, shugabar matan kasuwa, ya nemi a aura masa ita a daren tafiyarsa. A nan zaƙin bakin ya zama mayafi: yana zancen barin iri a bayansa, alhali kwaɗayin duniya ne ya riƙe masa ƙafa. Gargaɗin da Iyaloja ta yi masa a lokacin hannunka-mai-sanda ne ga abin da zai biyo baya.

Raha da Ba-zata

A fitowa ta uku 'yan matan kasuwa sun kwaikwayi maganar Turawa don muzanta Amusa, wato wasa a cikin wasa. Dariyar ba ta banza ba ce, domin tana sassauta zuciyar mai kallo kafin rawar mutuwar Elesin. A fitowa ta huɗu Olunde ya ji sauyin kiɗan ganga ya tabbata mahaifinsa ya cika, sai ga shi an shigo da shi cikin ankwa. Ɗa ya juya wa uba baya.

Alamtarwa

An tsare Elesin a ɗakin da a dā ake tara bayi, kuma da sarƙar da aka ɗaure shi ya shaƙe kansa. Ƙunshin da mata suka ɗauko, wanda aka zaci saƙon sarki ne, gawar Olunde ce. Tsarin duniya ya kife ke nan: ɗa ya biya bashin uba, mutuwar uban kuma ta zo a makare, ba ta amfani kowa ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa Pilkings sanadi ne kawai. Elesin da bakinsa ya amsa cewa nauyin sha'awa ya riga ankwa kama shi. Darasi ga matasan marubutanmu shi ne a bar tufafi da kiɗa da jerin fitowa su ɗauki saƙo, maimakon a tsai da ɗan wasa yana wa'azi a kan dandamali.