Kifin da Aka Saki Bayan an Ɗauki Hoto

Daga tsakiyar Satumba zuwa farkon Disamba, da zarar ruwan Tekun Atlantika ya fara sanyi a gabashin Amurka, kifaye kan kama hanyar kudu. Ƙananan ne ke fara fitowa daga bakin koguna da lungunan da suka girma a ciki, manyan na biye da su. Biyu daga cikin manyan nan ne ke hana dubban mutane barci a lokacin kaka: bas mai zane a jiki, wanda masu fatsa ke kira sitiraifa, da bulufish, mai haƙora irin na tsage. Hanyar tasu gaɓa take bi, daga Maine ta Cape Cod, ta wuce Montauk a ƙarshen Long Island ta jihar Niyok, ta gangara New Jersey har Virginia da North Carolina. Shi ya sa kaka ce lokacin da wanda ba shi da jirgin ruwa ke samun rabonsa. Doguwar sandar fatsa, wandon roba har ƙirji, da ƙafar da za ta jure tsayuwa kan dutse mai santsi, sun ishe shi.

Ina ƙaunar wannan fatsa, kuma abin da nake ƙauna a cikinta shi ne ilimin da take nema. Teku kan cika ta janye sau biyu a kwana guda, lokacin kuma yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. Kifi ya fi ci idan ruwa na gudu, musamman sa'ad da yake janyewa daga bakin kogi yana kwaso ƙananan kifaye. Sai ka san wane dutse ne ke karya gudun ruwan, ina ramin yake a bayan tudun yashi, wace iska ce ke turo abincin kifi gaɓa, wane dare ne duhun wata zai sa manya su matso kusa da ƙafarka. Mutum kan shafe shekaru yana koyon bakin ruwa guda.

Akwai kuma ranar da ilimin ba ya da amfani, domin kowa ma zai kama. Tsuntsaye ne ke fara tona asiri, su taru wuri guda suna kuka suna faɗawa ruwa. Sai ka ga ruwan ya yi fari kamar ana dukansa daga ƙasa, ƙananan kifaye na tsalle har kan yashi don tsira, bayan manyan na bayyana yana nutsewa. Abin kan ɗauki minti goma, wani lokaci wuni guda. A da, wanda ya dace ne kaɗai ke gani. Yanzu hoto ɗaya a Facebook ko Instagram ya isa, kafin awa guda motoci sun cika wurin, mutane sun jeru kafaɗa da kafaɗa, zare na sarƙewa da zare.

Cunkoson ba shi ne damuwata ba, gaɓa ta kowa ce. Damuwata ita ce ɗabi'ar da ta zama ado a 'yan shekarun nan, wato kama ka saki, da yadda aka mai da ita takardar wanke kai. Mutum zai rubuta cewa yau ya kama talatin ya saki talatin, a yi ta yaba masa. Wani ya kama ɗaya wanda doka ta halatta, ya yanka ya kai wa iyalinsa, a yi masa caa a ce shi ne ke ƙarar da kifi. Ni ban yarda da wannan lissafi ba, alƙaluman hukuma ma ba su yarda da shi ba.

Hukumar kula da kamun kifi ta jihohin gaɓar Atlantika, ASMFC, wadda jihohi 15 suka haɗu a cikinta, tana lissafi ne da cewa kashi 9 cikin 100 na sitiraifa da aka saki suna mutuwa. A 2017 masu fatsa sun saki kusan miliyan 38, aka ƙiyasta miliyan 3.4 sun mutu bayan sakin. Adadin ya zarce na kifin da masu fatsa suka kai gida a shekarar, ya kuma kai kusan rabin duk sitiraifa da hannun ɗan Adam ya kashe, har da na 'yan kasuwa. Ke nan mai talatin ɗin nan, bisa wannan ma'auni, ya kashe biyu ko uku, bai ci ko ɗaya ba, ya kuma koma gida yana ganin hannunsa fes. Mai ɗaya ya kashe ɗaya, ya naɗe zarensa.

Za a ce ai kashi 9 matsakaici ne na shekara duka, kuma a kaka ruwa na da sanyi, kifi ya fi jure wahala fiye da lokacin zafi. Haka ne, ban musa ba. Saboda zafin ne ma jihar Maryland ta sha rufe kamun sitiraifa na makonni biyu a tsakiyar lokacin zafi a mashigin ruwan Chesapeake, har kama ka saki ma aka hana. Amma sanyin ruwa ba ya gyara abin da hannu ya ɓata, kuma mu masu fatsa daga gaɓa mun fi kowa sanin abin da hannu ke yi.

A duba yadda ake ɗaukar hoton nan. An ja kifin da zare mai laushi har ya galabaita, domin ja-in-jar ita ce daɗin. Igiyar ruwa ta turo shi, aka ja shi kan busasshen yashi, yashin ya goge yauƙin da ke kare fatarsa ya shige masa wurin numfashi. Abin yaudarar da ya cafka na katako ne mai ƙugiya biyu, kowace da baki uku, ɗaya a leɓe, ɗaya ta maƙale kusa da ido. Ana neman filaya a jaka. An cire, sai a ɗaga shi ta muƙamuƙi, nauyin jikinsa duka na rataye. Aboki na laluben waya da jiƙaƙƙen hannu, hoton farko bai yi ba, a sake. Minti biyu, uku, kifin bai shaƙi ruwa ba. Daga nan a wurga shi cikin kumfa, ya kaɗa wutsiya sau ɗaya ya ɓace, a rubuta cewa ya tafi lafiya lau. Babu wanda ya bi shi ya ga yadda ya kwana.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kifin da aka fi daɗewa ana riƙe da shi a sama shi ne wanda bai kamata a taɓa ba. Manyan sitiraifa kusan dukkansu mata ne, babbar mace kuwa kan zuba miliyoyin ƙwai a bazara guda, kuma kifin kan rayu har shekara 30. Doka ta hana ɗaukarsu. Tun watan Mayun 2023, bayan an ga kamun 2022 ya kusa ninka na shekarar da ta gabace ta, aka taƙaita girman kifi ɗayan da mai fatsa zai ɗauka a teku a rana zuwa tsakanin inci 28 da 31, wato santimita 71 zuwa 79. Sai dai doka ba ta ƙayyade tsawon lokacin hoto ba. Zamanin da wani mai fatsa, Al McReynolds, ya fito da sitiraifa mai nauyin kusan kilo 36 daga kan duwatsun Atlantic City a Satumbar 1982 ya wuce, amma sha'awar a gan ka da babba tana nan, wurin nuna ta ne ya koma waya.

An taɓa shiga ramin ƙarancin sitiraifa. A farkon shekarun 1980 sitiraifa ya kusa ƙarewa, majalisar dokokin Amurka ta yi doka a 1984, Maryland ta hana kamunsa gaba ɗaya daga 1985 na tsawon shekara biyar, sai a 1995 aka ce ya farfaɗo. A 2019 bincike ya sake nuna an ci shi fiye da kima, aka sa 2029 a matsayin wa'adin dawo da shi. Matsalar ita ce ƙananan ba sa zuwa. Ma'aunin 'ya'yan kifi da Maryland ke yi duk shekara a Chesapeake, inda mafi yawan sitiraifa ke ƙyanƙyashewa, ya tsaya a 1.0 a 2023, alhali matsakaicinsa na tsawon shekaru kusan 11 ne, kuma tun 2019 bai yi kyau ba. Cincirindon da ake gani a gaɓar New Jersey a Nuwamba manya ne na shekarun baya, musamman haihuwar 2015, sun taru wuri guda kan abinci. Ido na ganin yawa, bayansu kuwa babu masu maye gurbi.

Bulufish ma yana da nasa ƙorafin. Da yake yana yanke zare yana lalata kayan yaudara, namansa kuma mai maiƙo ne da ke saurin sauyawa idan ba a zubar da jininsa an sa a ƙanƙara nan take ba, wasu na ɗaukarsa ƙarfen ƙafa. Na sha ganin an taka shi da takalmi an fizge ƙugiya, an shure shi ya koma ruwa. Shi ma a 2019 aka tabbatar ya ragu, a 2020 aka rage abin da mutum zai ɗauka daga 15 zuwa 3 a rana. Kifin da ke ba mai koyo daɗin ja na farko a rayuwarsa bai cancanci wannan wulaƙanci ba.

Ba cewa nake a daina saki ba, ai doka ma ta wajabta sakin mafi yawan abin da aka kama. Cewa nake a yi shi da gaske. A cire ƙugiya mai baki uku ta baya a sa mai baki ɗaya, a danne ƙayar da filaya. Mai amfani da ƙoto ya sa ƙugiya mai lanƙwasa, wadda aka wajabta wa masu neman sitiraifa tun 2021 saboda a gefen baki take kamawa, ba a ciki ba. A yi amfani da zare mai ƙarfi a gama ja da wuri. A shiga ruwa a tarye kifin, a cire ƙugiyar yana cikin ruwa, a riƙe shi yana fuskantar gudun ruwan har sai ya ƙwace da kansa. In hoto ya zama dole, a shirya waya kafin a ɗaga shi. Abu mafi wuya kuma shi ne tsayawa. Ranar da kifi ke cafkar kowane jifa, na biyar ko na shida ya isa, sauran a tsaya a kalla.

Akwai waɗanda suka riga suka nuna ana iya haƙuri. Gasar kamun kifi ta tsibirin Martha's Vineyard, wadda ake yi duk kaka tun 1946, sunan sitiraifa da bulufish take ɗauke da shi. Duk da haka masu shirya ta sun cire sitiraifa daga gasar daga 1985 zuwa 1992, suka sake cire shi a 2020. Mutane ba su daina zuwa ba, suna nan suna kwana a bakin ruwa suna kai bulufish da sauran kifaye wurin awo.