Jinya a Hannun Bare: Nazari a Kan Ɗauko Mai Kula da Tsoho a Gida

A ƙasar Hausa jinya haƙƙi ce da ke faɗowa kan na kusa, ba sana'ar da ake nema a biya ba. Ko a manyan asibitoci irin su Asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da wuya ka ga majinyaci a gado ba tare da nasa a gefe ba. Shi ne mai sayo magani, mai zubar da fo, mai kwana a tabarma a baranda. Ma'aikata su yi allura su duba awo, sauran hidimar jiki kuwa ta dangi ce. Idan aka koma gida hidimar ba ta raguwa, sai dai a rasa ranar sallama.

A shekarun nan wani sabon abu ya shigo gidajen birane: a ɗauko wani daga waje, a yanka masa albashi, ya tare a gidan yana kwana da tsoho ko tsohuwa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. 'Ya'ya sun watsu, wani yana Abuja, wani Legas, wata tana aure a Jidda. Matan da a da suke wuni a tsakar gida yanzu malaman makaranta ne da ma'aikata da 'yan kasuwa. Ga kuma cututtukan da ba sa kashewa nan take, ba sa kuma warkewa: hawan jini, ciwon suga, shanyewar ɓarin jiki, gigin tsufa. Masu shekara 60 zuwa sama wajen kashi 5 cikin 100 ne na mutanen Nijeriya, wato kimanin miliyan 10. Hukuma kuwa ta makara. Sai a 2012 aka buɗe cibiyar lafiyar tsofaffi ta farko a ƙasar, a Asibitin Koyarwa na Ibadan, kuma Cibiyar Dattawa ta Ƙasa da aka sa hannu a dokarta a 2018 ba ta fara aiki ba sai 2021. Kai uwa gidan gajiyayyu kuma abin kunya ne da Bahaushe ba ya ɗauka. Sai ya zama ɗauko mai jinya ce kaɗai ƙofar da ta rage, kuma yawancin gidaje suna shiga ta da ma'aunin da suke ɗaukar 'yar aikatau.

Yadda aka gada

A tsarin gandu akwai waɗanda jinya ke faɗa wa tun kafin a yi shawara. Kaka tana da jikar da aka ba ta riƙo tun tana ƙarama, mai ɗebo mata ruwan alwala, mai kwana a bayanta. Akwai 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida, akwai ƙanwar tsohuwa da ita ma mijinta ya rasu. Dattijon da matarsa ta riga shi, 'ya'yansa kan nema masa mace mai hankali a ɗaura aure, kowa kuma ya san kulawa ake nema. Malami yana da almajiransa, attajiri yana da barorinsa.

Wannan tsari bai rasa zalunci ba. Nauyin kusan duka a kan mata yake, jikoki mata da yawa sun rasa makaranta a dalilinsa, surukai kuma sun sha wanke abin da 'ya'yan cikin suka kauda kai daga gare shi. Amma yana da abu biyu da suka riƙe shi. Na farko sabo: mai jinyar ta san tsohuwa tun tana da ƙarfinta, ta san yadda take son kununta, ta san wanda ba a ambata a gabanta. Na biyu yawan hannu da yawan ido. Wannan ta yi wanka, waccan ta yi wanki, wata ta karɓi dare. 'Ya'ya maza suna shigowa gaisuwar safe, maƙwabta suna zuwa dubiya. In zanin tsohuwa ya jiƙe, kafin azahar wani ya gani ya yi magana.

Ɗauko ɗan hidima kansa ba baƙon abu ba ne a addini. A Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda alƙalan ƙasar nan suka daɗe suna hukunci da shi, ciyar da iyaye marasa hali wajibi ne a kan ɗa mai hali, har da ɗaukar nauyin mai yi musu hidima. Malamai kuma sun bayyana cewa hidimar da matar ɗa ke yi wa iyayen mijinta kyautatawa ce, ba dole ba. Don haka wanda ya biya aka kula da mahaifiyarsa bai yi abin gori ba. Inda ake kuskure shi ne zaton cewa mutum ɗaya da aka biya zai maye gurbin gida guda.

Hanyar dillaliya

Idan buƙata ta taso, abin da aka saba shi ne a aika wa dillaliyar da ke kawo 'yan aiki daga ƙauye. Yabonta ba ya canzawa: “Hajiya, yarinya ce mai ladabi, ba ta da ɗauke-ɗauke, ba ta da ƙiwa.” Sai a kawo 'yar shekara goma sha uku da ƙullin kayanta, kuɗin aikinta kuma iyayenta ne za su karɓa su tara na kayan ɗaki, bayan dillaliya ta cire nata. Ladabi da riƙon amana abin so ne, amma sharuɗɗan shara da wanke-wanke ne. Yarinyar da ba ta gama girma ba, ba za ta iya ɗaga babbar mace daga gado ba, ba za ta iya karanta takardar magani ba, in Hajiya ta ƙi shan ƙwaya ba ta da bakin da za ta matsa mata. Doka ma ta shigo ciki: dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta tanadi ɗauri ga wanda ya ɗauki yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida.

A manyan birane yanzu akwai kamfanoni masu turo masu jinya, akwai kuma waɗanda suka gama makarantun koyon aikin lafiya ba su sami aikin gwamnati ba. Waɗannan sun fi sanin aiki, sun kuma fi tsada, amma fararen kaya ba shaida ba ne. Ko ta wace hanya mutum ya zo, a ga takardarsa, a riƙe lambar katinsa na ɗan ƙasa, a san gidansu da mai unguwarsu, a sami babban mutum da zai tsaya masa. A nemi gidan da ya bari a ji dalilin barin daga bakinsu. A kai shi asibiti a duba lafiyarsa, musamman tarin fuka, tunda ɗaki ɗaya zai kwana da mai raunin jiki.

Ciwo ne ke faɗin wanda ya dace

Kafin a tambayi wa za a ɗauko, a fara tambayar likita me jikin yake buƙata. Tsohuwar da ke tafiya da ƙafarta, kaɗaici ne kawai ke damunta, dattijuwa mai hira da haƙuri ta ishe ta. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye kuwa yana buƙatar mai ƙarfi da sani. Dole a riƙa juya shi kamar kowane awa biyu, dare da rana, in ba haka ba gyambon kwanciya ya buɗe a ƙugu da ɗuwawu da diddige, kuma wannan gyambo yana iya kisa. Dole a zaunar da shi sosai kafin a ba shi abinci, a ba shi kaɗan-kaɗan, domin haɗiyarsa ta raunana, kunun da ya kuskure ya bi ta huhu ciwon haƙarƙari yake zama. Dole a ci gaba da motsa masa gaɓoɓi yadda masu gashin ƙashi suka nuna. Mai ciwon suga da ke karɓar allura, wajibi ne na kusa da shi ya gane alamar faɗuwar suga, wato gumi da karkarwa da ruɗewa, ya san abin zaƙi ake ba shi nan take in yana iya haɗiya, a garzaya asibiti in ba ya iyawa.

Gigin tsufa ya fi duka cin rai. Tsohuwa za ta ce an sace mata kuɗi alhali ita ta tura su ƙarƙashin katifa, za ta zagi mai yi mata wanka, za ta buɗe ƙofa da tsakar dare ta ce gidan ubanta za ta. Mai jinyar da ba ta san ciwon ƙwaƙwalwa ne ba za ta ɗauka wulaƙanci ne ko aljanu, daga nan sai ramuwa: tsawa, mintsini, kulle ɗaki. Dangin da ba su sani ba kuma za su kori mutum uku a jere a kan satar da ba a yi ba. Shi ya sa tambayar “kina da haƙuri?” ba ta da amfani, ba mai cewa a'a. A ce mata: Hajiya ta tofar da magani ta ce guba ce, me za ki yi? A kuma yi mako biyu na gwaji, wani daga cikin 'ya'ya yana gidan yana kallon hannunta.

Sai maganar tsiraici. Mai canza wa mutum famfas da robar fitsari yana ganin abin da 'ya'yansa ba su taɓa gani ba. Namiji ga namiji, mace ga mace, shi ne abin da addini da al'ada suka fi natsuwa da shi. Yare ma sharaɗi ne, domin mai gigin tsufa yakan koma harshensa na farko. Bafulatanar da ta yi shekara hamsin tana Hausa tana iya wayar gari Fulatanci kawai take ji. Sama da duka, a tambayi mai jikin. Sau da yawa 'ya'ya kan gama shawara a waya, sai dai Baba ya ga baƙo da jaka a ɗakinsa. Muddin hankalinsa yana nan, ƙinsa hujja ce.

Haƙƙin wadda aka ɗauko

Mafi ƙarancin albashi a Nijeriya ya koma naira 70,000 a 2024, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka mai aikin gida ba ta da abin riƙewa sai adalcin masu gida. Adalcin nan kuwa ba kyauta ake yi mata ba, lafiyar tsohon ake saye. Wadda ta tashi sau huɗu cikin dare, da safe kuma aka haɗa mata da girki da wankin yaran gida, kafin wata uku ta zama mai faɗa ko ta gudu. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu: aikinta jinya ce kawai, ga albashi da ranar biya a hannunta, ga ranar hutu a mako, ga lokacin zuwa ganin gida, ga wanda zai biya in ita ta kwanta. A sa mutum ɗaya cikin 'ya'ya ya zama shi ke ba da umarni, kada Yaya ya ce a ba da maganin asibiti, Anti ta bugo ta ce a jiƙa sassaƙe. Katin cirar kuɗi da takardun gida da gwala-gwalai su bar ɗakin tun ranar farko, don kare dukiyar da kuma kare ita kanta daga zargi.

Abin da kuɗi ba ya sayowa shi ne yawan idon nan na gidan gandu, kuma dole dangi su sake gina shi da gangan. Kyamarar da wasu ke maƙalawa a falo ba ta ganin gyambon da ke ƙarƙashin zani. Sai 'ya ta zo ba sanarwa, ta yi wa uwarta wanka da hannunta, ta ƙirga ƙwayoyin da suka rage a kwali. Sai ɗa ya karɓi kwanan Juma'a ya bar mai jinya ta yi barci. Na nesa ya biya maƙwabciya ko 'yar uwa ta riƙa karɓar rana ɗaya a mako. Gidan da ya tsara wannan karɓa-karɓa, ko matsakaiciyar mai jinya ya samu za ta yi kyau a hannunsa. Gidan da ya tura albashi ya ɗauke ƙafa kuwa, ko wadda ta fi kowa iyawa ya ɗauko, gajiya da kaɗaici za su lalata ta, tsohon kuma shi zai biya kuɗin wannan sakaci da jikinsa.