Tsayayyen Hali da Sauyin Hali a Cikin Jiki Magayi

Masu nazarin ƙagaggun labarai sun kasa taurari gida biyu. Akwai tauraro mai tsayayyen hali, wanda yadda ya shigo labari haka zai fita. Akwai kuma mai sauyin hali, wanda abin da ya same shi kan mayar da shi wani mutum daban. Wannan maƙala za ta auna rabe-raben biyu a kan Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafan farko da aka buga a Zariya bayan gasar rubutu ta 1933.

Domin a gane tsayayyen hali, sai a dubi Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja, littafin Abubakar Imam. Duk garin da suka haɗu da Alhaji Imam, dabara ce da ramuwa. Mai karatu ya san abin da zai yi, daɗin labarin kuwa yana cikin yadda zai yi shi. Saboda haka tsayayyen hali ba aibi ba ne ga marubuci.

Abubakar na Jiki Magayi ba haka yake ba. An fara nuna shi saurayi mai son Zainab da zuciya ɗaya. Da attajiri Malam Shehu ya raba shi da ita, sai ya bar gari neman asirin ramuwa. Ya sha wuya, ya dawo da ƙeƙasasshiyar zuciya, ya kuma sauke fushinsa a kan Kyauta, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Wanda aka zalunta ya koma azzalumi, kuma mai karatu ya ga yadda hakan ta faru daki-daki. Wannan shi ne sauyin hali na haƙiƙa.

Inda ake yawan kuskure shi ne wajen Kyauta. Gaskiya ne ya zama ɓarawo, har ya kashe mahaifinsa ba da saninsa ba. To amma sammu ne ya juya shi, ba shawarar zuciyarsa ba. A ganina, raunin littafin ke nan: an ɗora wa asiri nauyin da ya kamata hali ya ɗauka. Don haka bai dace a jera Kyauta sahu ɗaya da Abubakar ba, domin shi Abubakar da ƙafarsa ya zaɓi hanyarsa.

Ga malamanmu na Talatar Mafara da Bakura da Maradun, batun ya wuce na cin jarrabawa. Idan aka tsaya ga raba taurari zuwa na kirki da mugaye, ɗalibi zai haddace suna ya bar darasi. Gara a tambaye shi: a wane wuri Abubakar yake da damar juyawa bai juya ba? Wa ya biya bashin da Malam Shehu ya ci? Dattawan wannan yanki, da suka ga yadda ramuwar gayya ta ɗaiɗaita ƙauyuka a Zamfara, sun san amsar ba sai an buɗe littafi ba.

A ƙarshe, muna iya cewa darajar Jiki Magayi ita ce nuna cewa mugu ba haihuwarsa ake yi ba, a hankali yake ginuwa. Abin da ke ginuwa a hankali kuwa ana iya tare shi tun da wuri. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.